Tambaya da Amsa: Gumurzun Tudu da na Ruwa a Yaƙin Basasar Amurka

Wasiƙun da suka taru mana a wannan watan sun karkata ga batu guda, wato yaƙin basasar da Amurkawa suka gwabza a tsakaninsu daga 1861 zuwa 1865, saboda haka muka ware musu filin baki ɗaya. Tushen rikicin shi ne, bayan zaɓen Abraham Lincoln a 1860, jihohi 11 na Kudu, waɗanda arzikinsu ya dogara ga auduga da gumin bayi, sun ɓalle daga tarayya, suka naɗa Jefferson Davis shugaba, daga baya suka mai da birnin Richmond fadar mulkinsu. Harbin farko ya tashi ne ranar 12 ga Afrilu, 1861, a kan sansanin Sumter da ke bakin tashar jiragen ruwa ta Charleston. A cikin amsoshin nan za mu riƙa kiran mutanen Kudu 'yan aware, ɗaya ɓangaren kuma sojojin tarayya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a Zariya. Duk inda na karanta labarin wannan yaƙi, gumurzun Gettysburg ake sakawa a gaba. Shin gaskiya ne a can aka karya lagon 'yan aware?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Gettysburg ya cancanci sunan da ya yi, domin a duk tsawon yaƙin babu karon da ya ci mutane kamarsa. Janar Robert E. Lee ne ya ɗauki dakaru sama da 70,000 ya kutsa jihar Pennsylvania, da fatan idan ya ci nasara a ƙasar abokan gaba, mutanen Arewa za su gaji su nemi sulhu. Ya yi karo da rundunar Janar George Meade daga 1 zuwa 3 ga Yuli, 1863, kuma a cikin kwana ukun nan waɗanda aka kashe, da waɗanda aka jikkata, da waɗanda aka kama ko suka ɓata sun kai kimanin 50,000 a ɓangarorin biyu. A rana ta uku Lee ya tura mutum kimanin 12,500, cikinsu har da dakarun Janar George Pickett wanda farmakin ya ɗauki sunansa, suka jera sahu-sahu, suka taka fili fetal mai nisan sama da kilomita ɗaya, suna dosar tudun da bindigogin igwa ke jiransu a bayan wata gajeriyar katangar dutse. Kafin sa'a guda ta cika an tarwatsa su, kuma kusan rabinsu ba su koma sansaninsu ba.

Duk da haka, ni a ganina abin da ya faru washegari a Vicksburg ya fi wannan nauyi. Lee ya sha kashi, amma ya janye da rundunarsa a haɗe, ya ƙetare kogin Potomac, ya ci gaba da yaƙi har wata 21. A Vicksburg kuwa runduna ce sukutum ta ajiye makamai, kuma kogin Misisifi ya suɓuce wa 'yan aware.

Garin yana zaune ne a kan tudu mai tsayi a gabashin kogin, daidai wani lungu inda a wancan lokaci ruwan ya yi kwana, ta yadda duk jirgin da zai wuce dole ya bi ta ƙarƙashin bakin igwa. Janar Ulysses Grant ya shafe watanni yana neman hanyar kauce masa, har da haƙa magudanar ruwa, abin bai yiwu ba. Daga ƙarshe sai ya bi da sojojinsa ta fadamun yammacin kogin zuwa kudancin garin, amma ba shi da abin da zai ƙetare da su sai jiragen Admiral David Porter sun sauko. A daren 16 ga Afrilu, 1863, jiragen suka kashe fitilunsu, aka jibga dilolin auduga da na ciyawa a kewayen tukwanen injinansu domin su tare harsashi, suka biyo ruwa a hankali. 'Yan aware suka farga, suka cinna manyan wutace a bakin kogin domin su haska ruwan, suka yi ta luguden wuta, amma jirgin dakon kaya ɗaya kawai suka nutsar. Ranar 30 ga Afrilu jiragen suka ƙetare da sojojin Grant, wanda ya ci yaƙi biyar cikin ƙasa da mako uku, sannan ya yi wa garin ƙawanya kwana 47, shi ta tudu, Porter ta ruwa. Mutanen gari suka haƙa koguna a jikin tuddai suka koma ciki da iyalansu, har ta kai ana yanka alfadarai ana ci. Ranar 4 ga Yuli Janar John Pemberton ya miƙa wuya da dakaru kusan 30,000, kuma bayan kwana biyar sansanin Port Hudson ya bi sahu. Daga ranar an raba ƙasar 'yan aware gida biyu, shanun Texas da kayan Arkansas suka daina isa gabas yadda suka saba. Ina roƙon Malam ya koya wa ɗalibansa waɗannan yaƙuna biyu a darasi ɗaya, da taswirar kogin a gabansu.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce daga Maraɗi. Na ji an ce a wannan yaƙi ne aka fara ƙera jiragen ruwa na ƙarfe. Yaya karon nasu ya kasance, kuma wa ya ci nasara?

AMSA: 'Yata, akwai ɗan gyara a cikin abin da kika ji. Faransa ta riga ta saki jirginta mai sulke, Gloire, a 1859, Ingila ta biyo da Warrior a 1860. Abin da Amurka ta fara gani shi ne jirage biyu masu sulke suna faɗa da juna, kuma hakan ya faru ne a mashigin Hampton Roads na jihar Virginia.

Lokacin da sojojin tarayya za su bar ma'aikatar jiragen ruwa ta Norfolk a watan Afrilu na 1861, sun cinna wa wani babban jirginsu mai suna Merrimack wuta, ya nutse. 'Yan aware, waɗanda ba su da rundunar ruwa ta a zo a gani, suka tsamo gangar jikinsa, suka gina masa rumfa mai gangare kamar jinkar ɗaki, ta katako mai kaurin kusan santimita 60, suka lulluɓe ta da farantan ƙarfe masu kaurin santimita 10, suka sa masa igwa 10 da ƙahon ƙarfe a goshi, suka raɗa masa suna Virginia. Ranar 8 ga Maris, 1862, ya fito ya doshi jiragen katakon da ke tsaron mashigin. Harsasansu suka riƙa bugun jikinsa suna fallatsewa kamar an watsa tsakuwa a kan kwano. Ya tunkuyi Cumberland ya huda shi, jirgin ya nutse alhali ma'aikatansa na ci gaba da harbi, sannan ya juya kan Congress, wanda ya miƙa wuya ya kama da wuta, ya fashe cikin dare. Sama da ma'aikatan jirgi 200 na tarayya suka mutu a wannan yini, wani jirgin kuma, Minnesota, ya kafe a cikin yashi yana jiran abin da gobe za ta zo da shi.

A wannan daren ne Monitor ya iso daga New York, ana jansa da igiya, bayan ya sha da ƙyar daga igiyar ruwa a hanya. Wani injiniya haifaffen Siwidin, John Ericsson, shi ya tsara shi, aka ƙera shi cikin kwana ɗari da 'yan kai. Bai yi kama da wani jirgi da aka taɓa gani ba: doronsa shimfiɗaɗɗe ne, kusan daidai da fuskar ruwa, a tsakiyarsa kuma akwai wani zagayayyen ɗaki na ƙarfe mai kaurin santimita 20, mai juyawa, da manyan igwa biyu kacal a ciki. Amfanin juyawar shi ne, ba sai an karkata jirgin gaba ɗaya ba kafin a saita abokin gaba.

Da safiyar 9 ga Maris, Virginia ya dawo domin ya ƙarasa Minnesota, sai ya tarar da wannan baƙon abu a tsakaninsu. Suka shafe kimanin sa'a huɗu suna zagaya juna suna musayar wuta, wani lokaci har suna gogar juna. A cikin ɗakin ƙarfen Monitor hayaƙin albarushi ya turnuƙe, zafi ya kai maƙura, duk harsashin da ya daki bango sai ɗakin ya ɗauki ƙara, har wani hafsa da ya jingina da bangon ya suma daga ƙarfin dukan. Dalilin da ya sa babu wanda ya huda wani yana da ban sha'awa. An umarci Monitor ya riƙa ɗura rabin albarushin da daga baya aka gane igwarsa za ta iya ɗauka, domin tsoron kada ta fashe. Shi kuwa Virginia ya fito ne da harsasai masu fashewa, waɗanda suka dace da jirgin katako, kuma ƙahonsa ya karye tun jiya a jikin Cumberland. Daga ƙarshe wani harsashi ya fashe a tagar ɗakin tuƙin Monitor ya ji wa kwamandansa John Worden rauni a ido, jirgin ya ja gefe, Virginia ma ya koma saboda ruwa ya fara janyewa, shi kuwa jirgi ne mai nauyi da ke buƙatar zurfi.

A fagen fama an yi kunnen doki, kuma babu wanda ya mutu a cikin jiragen biyu a ranar. Amma manufar Virginia ita ce ya fasa tsaron mashigin, bai kuwa fasa ba, don haka riba ta tarayya ce. Babu ɗayansu da ya ga sabuwar shekara: 'yan aware sun tarwatsa Virginia da hannunsu ranar 11 ga Mayu da Norfolk ta faɗi, Monitor kuma ya nutse cikin guguwa kusa da Cape Hatteras ranar 31 ga Disamba, da mutum 16.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi a Kantin Kwari, Kano. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne batun toshe tashoshin jiragen ruwa. Yaya za a iya tsare bakin teku baki ɗaya, kuma me ya sami cinikin auduga?

AMSA: Alhaji, tambayarka ta taɓa jijiyar yaƙin. Ranar 19 ga Afrilu, 1861, Lincoln ya ba da umarnin datse tashoshin Kudu, alhali gaɓar tekun ta kai kimanin kilomita 5,600, jiragen yaƙin da ke bakin aiki kuma 42 ne kawai. Sai gwamnati ta shiga saye da ƙira ba ƙaƙƙautawa, har da jiragen fito da na 'yan kasuwa aka ɗora musu igwa, kuma kafin ƙarshen 1864 rundunar ta kai jirage 671.

Ba a taɓa rufe ƙofar ruf ba. Akwai jiragen fasa-ƙwauri, yawancinsu ƙirar Birtaniya, sirara masu gudu, waɗanda ake shafa wa fenti ruwan toka, suna ƙona gawayin kwal marar hayaƙi, suna tasowa daga Nassau da Bamuda da Habana a daren da babu farin wata. Galibin tafiye-tafiyensu sun yi nasara. Sai dai Alhaji ya fi ni sanin bambancin kayan da ake shigowa da su a ɓoye da waɗanda ake saukewa da rana tsaka a kasuwa. Ƙaramin jirgin da aka ƙera don gudu ba ya ɗaukar kaya masu yawa, manyan jiragen dako kuwa sun daina zuwa gaba ɗaya. A shekaru ukun da suka gabaci yaƙin Kudu ta fitar da dilar auduga kimanin miliyan 10, amma a lokacin yaƙin abin da ya tsallake ta teku bai wuce kimanin rabin miliyan ba. Su ma 'yan aware sun yi wa kansu sakiyar da ba ruwa, domin a 1861 sun riƙe audugarsu da gangan, suna tsammanin ƙarancinta zai tilasta wa Birtaniya shiga yaƙin a ɓangarensu. Masaƙun yankin Lancashire na Birtaniya sun shiga mawuyacin hali, dubban ma'aikata sun rasa aiki, amma Birtaniya ba ta shiga ba, sai ta juya ga audugar Masar da Indiya. A cikin gida kuwa magani ya yi wuya, gishirin adana nama ya yi wuya, layin dogo ya lalace babu ƙarfen gyara, har a ranar 2 ga Afrilu, 1863, matan Richmond suka fito suna fasa shaguna saboda tsadar abinci.

Abin da ya ƙara matse wuyan Kudu shi ne ƙwace tashoshin ɗaya bayan ɗaya. David Farragut, wanda shi kansa haifaffen Kudu ne amma ya tsaya tare da tarayya, ya ratsa tsakanin sansanoni biyu masu tsaron bakin Misisifi da tsakar daren 24 ga Afrilu, 1862, cikin ruwan harsashi da kwale-kwalen wuta da ake turo masa, ya karɓe New Orleans, birni mafi girma a Kudu. Ranar 5 ga Agusta, 1864, ya kutsa mashigin Mobile duk da nakiyoyin da aka shuka a ruwa, waɗanda ɗayansu ya nutsar da jirginsa mai sulke Tecumseh cikin 'yan mintoci. Ƙofa ta ƙarshe ita ce Wilmington, wadda rundunar Lee ke samun kaya ta cikinta, kuma ta rufe ranar 15 ga Janairu, 1865, da sansanin Fisher ya faɗi ga farmakin haɗin gwiwa na sojan ruwa da na ƙasa. Bayan wannan ba a cika wata uku ba Lee ya miƙa wuya ga Grant a Appomattox, ranar 9 ga Afrilu.

Martanin 'yan aware a teku shi ne farautar jiragen kasuwancin Arewa. Wanda ya fi shahara shi ne Alabama, ƙirar Birkenhead ta Ingila, wanda ya kama ko ya ƙona jirage sama da 60, har ya yada zango a Cape Town a 1863, kafin jirgin tarayya Kearsarge ya nutsar da shi kusa da Cherbourg ta Faransa ranar 19 ga Yuni, 1864. A 1872 kotun sulhu a Janeba ta sa Birtaniya ta biya Amurka diyyar dala miliyan 15.5 saboda ɓarnar irin waɗannan jirage.

TAMBAYA: Malam, daga Zangon Kumasi nake rubutowa. Da gaske ne an yi amfani da jirgin ƙarƙashin ruwa tun a wancan zamani?

AMSA: Da gaske ne. Sunansa Hunley, na 'yan aware ne, ba shi da inji, mutum bakwai ne ke murza masa hannu a zaune a takure, na takwas yana tuƙi. Ya nutse sau biyu a lokacin gwaji, ya kashe mutum 13. A daren 17 ga Fabrairu, 1864, ya kai wa jirgin tarayya Housatonic nakiya a kan dogon sanda a bakin Charleston, ya nutsar da shi, wanda shi ne karo na farko da irin wannan jirgi ya nutsar da jirgin yaƙi. Shi ma bai dawo ba, sai a shekarar 2000 aka tsamo shi da ƙasusuwan mutanensa takwas a ciki.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce a Sakkwato. Me ya sa mutane suka mutu da yawa haka?

AMSA: Malama, ƙiyasin da aka daɗe ana riƙe da shi shi ne sojoji 620,000, wani bincike na baya-bayan nan kuma ya kai adadin kusan 750,000, a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 31 da 'yan kai ba. Kashi biyu cikin uku cuta ce ta kashe su, musamman atini da gudawa da zazzaɓin taifot, domin ana tara dubban samarin ƙauye a sansani ɗaya, ana shan ruwan da bai yi nisa da masai ba, likitoci kuma ba su riga sun fahimci ƙwayoyin cuta ba. A fagen fama kuwa bindiga ce ta riga dabarun hafsoshi ci gaba. Tsohuwar bindiga ba ta da saiti bayan kimanin mita 100, amma sabuwa mai tsaga a cikin bututu, da harsashinta na dalma mai suna Minié, tana iya kayar da mutum daga ninkin wannan nisa sau uku, kuma idan ta sami ƙashi sai ta farfasa shi, shi ya sa yanke hannu da ƙafa ya zama aikin yau da kullum na likitocin soja. Duk da haka janar-janar suka ci gaba da tura mutane kafaɗa da kafaɗa. A Antietam, ranar 17 ga Satumba, 1862, mutum kusan 23,000 aka kashe ko aka jikkata ko suka ɓata a yini ɗaya. A Fredericksburg, cikin Disambar wannan shekara, an yi ta tura sojojin tarayya sahu bayan sahu zuwa ga wata katangar dutse, babu wanda ya isa gare ta. Sojojin da kansu ne suka koyi darasi suka rungumi shebur, har ya zama a Petersburg, daga Yunin 1864 zuwa Afrilun 1865, rundunonin biyu sun zauna cikin ramuka masu tsawon kusan kilomita 50 suna fuskantar juna.

TAMBAYA: Malam, daga Maiduguri nake. Baƙar fata da ake yaƙin a kansu, zaune suka yi suna kallo?

AMSA: Ko kusa, ɗan'uwa. Tun kafin shelar 'yanta bayi ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 1863, rundunar ruwa tana ɗaukar baƙar fata, kuma kimanin 18,000 sun yi aiki a cikinta, wasu kimanin 180,000 kuma a rundunar ƙasa. Da asubahin 13 ga Mayu, 1862, wani bawa matuƙin jirgi mai suna Robert Smalls ya ɗauki jirgin 'yan aware Planter daga tashar Charleston, shi da abokan aikinsa da iyalansu, ya sa malfar kyaftin, ya busa usur ɗin da aka saba a gaban sansanin Sumter, ya wuce ya miƙa jirgin ga sojojin tarayya. Daga baya ya zama ɗan majalisar wakilan Amurka. Ranar 18 ga Yuli, 1863, runduna ta 54 ta jihar Massachusetts ta jagoranci farmaki a kan sansanin Wagner da mutum kimanin 600, ta rasa kusan rabinsu tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda aka kama, cikin matattun har da kwamandanta Robert Gould Shaw. Ana biyan baƙin soja dala 10 a wata, a cire 3 kuɗin kaki, alhali farar fata na karɓar 13, sai wannan runduna da 'yar'uwarta ta 55 suka ƙi karɓar albashi sama da shekara guda har aka daidaita a 1864.

A cikin runduna ta 55 ɗin nan akwai ɗan ƙasarku. Sunansa Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda aka fi sani da Nicholas Said, haifaffen Kukawa, ɗa ga Barka Gana, ɗaya daga cikin manyan jarumawan Borno na zamanin Shehu Laminu. An kama shi yana yaro, aka ƙetare Sahara da shi a matsayin bawa zuwa Tarabulus, daga nan Santambul, daga nan Rasha, inda ya sami 'yanci, ya zagaya ƙasashen Turai yana ƙara harsuna a kan waɗanda ya tashi da su. Ya isa nahiyar Amurka a 1860, ya koyar a birnin Detroit, sannan a 1863 ya shiga soja da ƙafarsa, ya kai muƙamin saje. Da yaƙi ya ƙare bai bar Kudu ba, ya zauna a can yana koyar da 'ya'yan waɗanda aka 'yanta.